Ajin da Yara Suka Juya wa Malam Baya

Tun da na dawo daga Benin ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci a tambaye ni, a kasuwar Dumega a tambaye ni. Ranar da na je Tibiri ma abokan aiki suka tsare ni a inda muke shan shayi, kowa na cewa, "Mushe Nomau, wai mi kag gano can da kad dawo ka rikita ajinka?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, wannan ya ji farko, wancan ya ji ƙarshe, su haɗu su ƙara nasu. Har an fara cewa wai wani abu aka ba ni na ci a can. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce mini Mushe, a wani ƙauye na ƙasar Dumega, na fi shekara ashirin ina riƙe da alli. In ka wuce ta bayan ajina a da, ba za ka ji komai ba sai muryata, sannan muryar yara gaba ɗaya suna maimaita abin da na faɗa. Hannuwa a naɗe a ƙirji, idanu a kan allo. Da wannan aka san ni, kuma ina alfahari da shi.

Abu biyu suka tayar da ni. Na farko, wani uba ya zo mini da kwalbar maganin dabbobi, ya ce ɗansa ya gama aji shida amma ya kasa karanta masa yadda ake ba tunkiya. Ya ce in haka lakwal take, ƙannen yaron gara su bi shi gona. Yaron kuwa ina tune da shi, yana iya zubo darasin tarihi tun daga sama har ƙasa ba tare da ya ja numfashi ba. Na biyu, abokina Sulai ya zo ta'aziyya garinmu. Tare muka yi makarantar horon malamai a Dosso, daga baya ya koma wurin dangin uwarsa a Benin, hayin kogi, yana koyarwa a wani ƙauye kusa da Kandi. Ya zauna a bayan ajina har aka tashi, da muka fito ya ce, "Nomau, ajinka shiru kamar maƙabarta."

Na ce masa na gode. Sai da na ga bai yi dariya ba na gane ba yabo ba ne.

"Taho ka ga namu," ya ce. "Ba sai ka yarda ba. Ka dai gani."

Da hutunmu na lokacin zafi ya zo, su kuma can suna cikin karatu, sai na shirya. Mai ɗakina Hadiza ta ce ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana, ta kama zabi biyu ta sa a kwando ta ɗaure bakin da tsumma. Na ce mata tafiyar da nisa. Ta ce zabin ba da ƙafarsu za su je ba.

Daga ƙauyenmu ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni, kwando a cinyata. Kun san rairayin hanyarmu. Mun faɗi sau ɗaya, a hankali, kamar waɗanda suka yi shawarar kwanciya, zabi suka yi ta tsinuwa. Daga Tibiri na shiga mota zuwa kwalta, daga nan sai Dosso. A tashar Dosso ne aka cilla kwandon saman mota, tsumman ya kwance, zabuwa ɗaya ta fito ta bi ta ƙarƙashin motoci. Ni da babbar riga da takalmin fita, ina bin zabuwa ina roƙon jama'a da Faransanci. Wata Bazabarma mai sayar da kopto, kwaɗon zogale, ita ce ta kife ta da faranti ba tare da ta tashi daga kujerarta ba. Ta miƙo mini ita ta fukafukai, ta dube ni sama da ƙasa ta faɗi wata magana da Zabarmanci, matan da ke gefenta suka fashe da dariya. Na tambayi direba abin da ta ce. Ya ce, "Mushe, gara kada ka sani."

Gaya, garin bakin iyaka, ta ba ni mamaki da kore. Rake, mangwaro, dankali, ko'ina ruwa. Amma abin da ban shirya masa ba shi ne kogin. Gadar a rufe take, sai ta jirgin ruwa ake ƙetarawa. Jami'in da ya duba katina ya leƙa kwandon ya tambaye ni ko zabin ma malaman lakwal ne, ya ce in wuce. Ni Ba'are ne, mutumin tudu, ruwan da na sani shi ne na rijiya da na tafki, wanda in ya yi zurfi ya kai wa jaki ciki. Nan kuwa na ga ruwa ya shimfiɗe, kuma a cikin jirgin katako ɗaya an loda babura, buhunan albasa, firji, da mutane a kan kayan. Na zauna a tsakiya na rungume kwando ina karanta duk abin da na haddace.

Kusa da ni akwai wani saurayi ɗan Dogon Dutsi, Bashiru, mai fataucin wayoyi, da ɗan gemunsa da wando iya ƙwauri. A gabanmu wata tsohuwa. Da muka kai tsakiyar ruwa sai tsohuwar ta kwance bakin zanenta, ta ɓare goro ta jefa rabi cikin kogin, tana motsa baki.

"Inna, wanga abu shirka ne," in ji Bashiru.

Ba ta ko juyo ba. "Ɗana, tun ba a haifi uwarka ba nika ƙetare ruwan ga. Gaisuwa ce nika yi ma masu wuri."

"Babu mai wuri sai Allah!"

Ya miƙe tsaye don ya yi mata bayani da kyau, jirgin ya karkata, mai tuƙi ya daka masa tsawa, mata suka yi salati, ni kuma na saki kwando na kama firji. Zabuwar nan dai ta Dosso ta sake samun ƙofa. Ta tashi fir, ta bi saman ruwa, ta sauka can a wani tsibiri mai ciyawa. Muka bi ta da kallo.

"To," in ji tsohuwar, "sun karɓi nasu."

Bashiru ya zauna yana istigfari. Amma da muka sauka shi ya riƙe mata hannu har tudu, ya kuma ɗaukar mata ƙunshinta.

A hayin, abin da ya fara kama idona mata ne a kan babur. Ba a baya ba, su ke tuƙi, goyo a baya, kwandon tumatir a gaba, suna danna oda. Kabu-kabu a can zem ake ce masa. Man fetur kuma a manyan kwalabe a bakin hanya, rana na haska shi kamar zuma. Motar da ta kai ni Kandi ta yi ta kauce wa manyan motocin auduga, audugar na zuba gefen titi fari fat. Wanda ke zaune a rabin cinyata, wani mai gyaran rediyo, ya yi ta ba ni labarin ciwon bayansa har muka isa.

Sulai ya karɓi zabuwa ɗaya da labarin ɗayar, ya yi dariya har da hawaye. Ya sauke ni a ɗakin ƙanen matarsa. Gidan maƙwabta na kiristoci ne, da asuba ladan ya kira salla, gari na wayewa kuma ƙararrawar coci ta amsa, ba wanda ya ɗaga kai. Da na fita alwala na ga wata dabba baƙa gajera tana tonon ƙasa a bayan katanga, na tambayi Sulai wace irin tunkiya ce wannan. Ya ce in yi alwalata kawai.

Matarsa Mariyama ta yi mini sakwara da miyar gyaɗa da wani cuku ja da suke kira wagashi. Wannan na ci har na ji kunya. Amma washegari ta kawo wani abu fari a naɗe cikin ganye, akasa, na kai baki na ji tsami. Na ɗauka ya kwana ne ya lalace, na rufa mata asiri na tura shi ƙarƙashin tabarma. Ashe haka ake cin sa. Da ta zo shara ta gani, daga ranar kullum akwai fura a gefen kwanona.

Gaisuwarsu ma abin kallo ce. Yaro in ya gamu da babba sai ya durƙusa har ƙasa, manya biyu kuma su rusuna wa juna suna ta "o, o, m, m" kamar ba za su gama ba. Na ce a raina, mutanen da ke da ladabi haka, ajinsu sai ya fi nawa shiru.

Da safe muka tafi makarantar. Tun daga bakin shinge na ji hayaniya. Na ce wa Sulai, "Malamin ajin can bai zo ba."

"Tana ciki," ya ce. "Ita ce ma shugabar makarantar."

Na tsaya a bakin ƙofa, ƙafata ta ƙi shiga. An jujjuya teburan, an haɗa su gungu-gungu, yara na fuskantar juna. Rabin ajin sun juya wa allo baya. Sun juya wa malam baya! Kowa na magana. Wasu a tsaye, wata yarinya ma ta fita waje ta dawo ba ta nemi izinin kowa ba. Na duba teburin malam, ba kowa sai tulu da jarka. Can na hango wata mata mai furfura a matse a bencin yara, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta, tana sauraron wani yaro mai majina kamar alƙali ne ke magana. Ita ce Madam Bake.

Ta ɗago mini hannu, ba ta tashi ba, yaran ma ba su miƙe sun gaishe ni da murya ɗaya ba. Ta nuna mini wani gungu ta ce in zauna. Na zauna a tsakanin yara, ni da furfurata.

Abin da suke yi shi ne wai su gano dalilin da ya sa ruwan tulu ya fi na jarka sanyi. Ni wannan darasin ina da shi, layi uku ne, in rubuta a allo su kwafe su haddace. Nan kuwa an ba su tulu, an ba su jarka, an bar su. Wani ya ce ƙasa ce mai sanyi. Wata ta ce ƙarya ne, ta taɓa taka ƙasa da rana ta ƙone. Wani ya shafa jikin tulun ya ce yana gumi. Sai suka jiƙa tsumma suka naɗe jarka suka kai inuwa su gani. Madam Bake tana yawo tsakaninsu, ba ta ce wa kowa ya yi daidai ko ya yi kuskure ba, sai dai, "Ta yaya ka sani?" Amsar tana kan harshena, tana ƙona ni. Na buɗe baki zan taimaki gunguna, sai ta dafa kafaɗata ta girgiza kai.

Kusan tashi, bayan sun kai ga cewa gumin tulun ne ke tafiya da zafi, wata yarinya ta ɗaga hannu. "Madam, to mu ma in mun yi gumi muna yin sanyi. Kaza fa? Kaza tana gumi?"

Madam Bake ta ce, "Ban sani ba."

Jama'a, na ji kamar an zuba mini ruwan tulun a baya. Shugabar makaranta, a gaban yara, a gaban baƙo! Na sunkuyar da kai don kunyar da ta kama ni a madadinta. Na jira in ji dariya. Ba wanda ya yi. Ta ce, "Wa ke da kaji a gida? Ku duba su da tsakar rana, gobe ku faɗa mana abin da kuka gani. Ni ma zan bincika."

Da muka fito na kasa haƙuri. Na ce, "Madam, in yaro ya ji malam bai sani ba, gobe da wane ido zai dube shi?"

Ta ce, "Da idon da zai dube ni in ya gano na yi masa ƙarya fa?" Sannan ta ce, "Gobe kai za ka koyar da su. Ba su taɓa ganin mutumin ƙasarku a aji ba."

Na shirya darasina mafi kyau, wanda na yi shekaru ina gogewa: ƙasar Sahel da nomanta. Na shiga da babbar riga, na sa suka juyo da fuskokinsu, na rubuta take na ja layi. Na ce, "A ƙasar Sahel ana noman gero a cikin rairayi. Ku maimaita."

Suka maimaita.

"Ku sake."

Shiru. Wata yarinya ta ɗaga hannu, da ladabi ƙwarai. "Mushe, mun ji ai. Me ya sa za mu sake?"

Ban taɓa samun wannan tambayar ba. Na yi kamar ban ji ba na ci gaba. Ban yi nisa ba wani yaro siriri mai suna Orou ya ɗaga nasa hannun.

"Mushe, ban yarda ba."

Na juyo. "Ba ka mene ba?"

"Ban yarda ba. Mun zuba ruwa a rairayi mun gani, ba ya tsayawa, wucewa yake yi. Yaya hatsi zai rayu a ciki?"

Yaron da bai kai ɗan autana ba yana ce mini bai yarda ba, a kan gero, ni da aka haifa a gindin rumbu! Na dubi Madam Bake don ta tsawata masa. Tana bayan aji ta tallabe haɓa, ita ma jiran amsa take.

Na ajiye allin. Na ce, "Ruwan da ya wuce, ina ya tafi?" Ya ce ƙasa. Na ce, "To gero bin sa yake yi." Na ba su labarin yadda muke shuka da ruwan farko, mai sungumi a gaba yana sara, masu zuba iri a baya suna rufewa da diddige. Na faɗa musu yadda gero ke lanƙwashe ganye in ruwa ya ɗauke, ka ce ya mutu, ashe saiwarsa na can tana nitsawa. Tambayoyi suka yi ta zuwa. In ruwan farko ya yaudare ku fa? Sai mu sake shuka. In iri ya ƙare fa? Na faɗa musu abin da ake yi in iri ya ƙare, abin da ba ya cikin kowane littafin lakwal, har muryata ta canza. Aka buga ƙarfen tashi ba wanda ya motsa.

Orou dai bai sallama ba. Ya ce, "Mushe, ka aiko mana da irin, mu shuka a rairayi mu gani." Da muka fito waje kuma, yaron nan da ya ƙaryata ni a gaban jama'a, shi ne ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Na rasa inda zan ajiye wannan a kaina.

Kada ku ɗauka duk abin da na gani ya burge ni. A ajin da ke gefe akwai wani matashin malami da ya haɗa teburan kamar na Madam Bake, ya ba yara aiki, ya koma bakin taga yana latsa waya. Yaran suna ta wasan dambe. Ko a ajinta ma na lura da wani gungu inda yaro ɗaya mai baki ya kwashe maganar duka, sauran suna kallonsa kamar yadda nawa ke kallona. Na faɗa mata. Ba ta musa ba. Ta ce juya tebur ba wuya, kowa na iya yi kafin a gama shan koko. Abin da ke da wuya shi ne malam ya san inda yake son yara su kai, ya kuma haƙura su kai da ƙafarsu. Ta ce tana komawa gida a gajiye fiye da lokacin da take yin magana ita kaɗai, kuma har yau akwai iyayen da ke cewa ba ta aikin komai.

Na ce wa Sulai, "Ku kuna da tebura da za ku juya. Ni ajina na zana ne, yara a kan tabarma, kuma sun ninka naku."

Ya ce, "To kai ka huta. Tabarma ta fi tebur sauƙin ja."

Dawowa ba ta da labari, sai dai na sake kama firjin wani a tsakiyar kogi. Mariyama ta ba ni doya da wagashi na kawo wa Hadiza, ta dafa doyar kamar rogo, ta ce ba laifi.

Da aka koma karatu na ja tabarmi na yi gungu-gungu. Na kawo tulu da jarka, na yi tambaya, na ce su yi shawara tsakaninsu, da Hausa ma in sun so. Yaran suka naɗe hannu suka zuba mini ido. Na sake faɗa. Shiru. Sun ɗauka tarko ne, wanda ya fara buɗe baki shi zai sha. Sai da na fita na tsaya bayan zana sannan na ji raɗa, raɗa ta zama magana, magana ta zama kasuwa. Madam Rakiya, mai ajin ƙanana, ta shigo a guje da sanda tana tambayar ina macijin yake.

Makonnin farko ba su yi kyau ba. Wasu ranakun hayaniya ce kawai. Darasin da nake gamawa kafin a fita shan iska sai ya cinye mini yini, ga jarrabawar ƙarshen shekara tana matsowa. Wani uba ya cire ɗansa, ya ce bai aiko shi hira ba, kuma har yau bai maido shi ba. Sau da yawa na yi niyyar maida tabarmin yadda suke. Abin da ya hana ni, na fara jin muryoyin da ban san su ba. Akwai yaran da suka shekara a gabana, ban taɓa jin muryarsu ita kaɗai ba sai a cikin taron maimaitawa.

Sai Malam Gado, shugaban iyayen yara, ya same ni a gida. Dattijo ne mai faɗa a ji, in ya ce a kwashe yara, za a kwashe. Ko tabarma bai yarda ya zauna ba.

"Mushe, mi kaka koya ma ɗiyanmu? Jiya nac ce ma Zalika ta kai awaki gabas, tac ce mini don mi ba yamma ba. Ni! Don mi!"

Na ce, "Baba, da rashin kunya ta faɗa?"

"A durƙushe take. Shi ne abin da yab ban tsoro." Ya nuna ni da sandarsa. "Ana cewa ba ka koyarwa, yara ka koya ma junansu kai kana yawo. Zan taho in gani da idona, ba ni faɗa maka rana. In haka ne, mu da kai sai wurin sufeto."

Ranar da ya zaɓa kuwa ita ce ranar da ba na nan. Na kwana a Tibiri saboda taron malamai, na kamo hanya da sassafe don in riski aji, sarƙar babur ta tsinke a cikin rairayi. Kafin mu samu amalanken da ya kai mu gari, rana ta yi sama. Tun daga nesa na hango Malam Gado tsaye a jikin zanan ajina, ya kara ido a wata kafa. Na ƙara sauri. Na san abin da ke faruwa in malam bai zo ba: rabi sun gudu gida, rabi suna kokawa.

Na ƙaraso ina haɗa kalmomin ban haƙuri. Bai juyo ba, ya yi mini alama da hannu in yi shiru. Na kara nawa idon.

Suna nan dukansu, gungu-gungu. Aikin da muka bari jiya suka ɗauko, na auna filin makaranta don a san yawan zanan da zai kewaye shi. Gungu biyu sun samu amsa daban, kuma ba wanda ya yarda ya janye. Zalika, ɗiyar Malam Gado, tana gaban allo da alli a hannu, tana ce wa wani ƙato da ya fi ta tsawo, "Ba ihu za ka yi ba, Sani. Taho ka gwada muna inda kas samo shi." Sani ya taso ya karɓi allin. Yana cikin lissafi ya tsaya, ya dafe kai, ya ce sun manta ƙofa, ba a sa wa ƙofa zana. Ajin ya kaure.

Na ɗaga labulen buhu zan shiga. Yarinyar da ke zaune a bakin ƙofa ta ɗago kai, ta rusuna, ta ce a hankali, "Mushe, don Allah ka ɗan jira. In ka shigo yanzu kowa shiru zai yi, kuma mun kusa."

Na saki labulen. Na koma baya na tsaya kusa da dattijon, ban san abin da fuskata ke nunawa ba.

"Wa ka koya musu yau?" ya tambaye ni.

"Ba kowa, Baba."

"Kai kuma ba ka shiga?"

"Sun ce in jira."

Ya sake kara ido a kafar zanan, inda ɗiyarsa ke goge allo da gefen hannu don a sake lissafin daga farko. Sannan ya gyara riƙon sandarsa, ya matsa mini wuri a ɗan inuwar da ke jikin zanan.

"To matso nan, Mushe," ya ce. "Mu jira tare."